Yadda Ake Haɗa Na'urar Haske da Lantarki Don Auna Jan Ƙarfe a Cikin Ruwa, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ɗaliban kimiyyar sinadarai da masu aikin gwajin ruwa: an ce ana gano ƙarafa masu guba a ruwa ta hanyar haske da lantarki, to ta ina ake farawa, kuma me ya kamata mutum ya tanada? Ga amsar a jere. Na zaɓi jan ƙarfe domin shi ne mafi sauƙin farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 2 a kowace lita, wato kimanin maikromola 31 a lita (mola ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne, maikromola kuma kashi ɗaya cikin miliyan na mola), adadin da na'urar da ka haɗa da hannunka za ta iya gani ba tare da wahala ba. Dalma da zaiba sun fi shi haɗari nesa ba kusa ba, amma iyakarsu ƙanana ce ƙwarai, kuma wanda bai ƙware a jan ƙarfe ba, ba zai iya da su ba.

Ga abin da za ka gina a taƙaice. Gilashi ne mai ɗaukar lantarki, an shafa masa TiO2, wato farin garin titaniyam dayoksaid, an ɗora CdS, wato kadmiyam sulfaid, a kai. Idan shuɗin haske ya sauka a kan CdS, ilektron sukan tashi, su bi ta TiO2 su shiga waya, sai na'ura ta nuna kwararar lantarki. Wannan kwarara ita zan riƙa kira lantarkin haske. Idan akwai jan ƙarfe a ruwan da aka tsoma gilashin, sai ya ture kadmiyam daga saman CdS ya maye gurbinsa, domin sulfaid ɗin jan ƙarfe ya fi na kadmiyam ƙin narkewa sau miliyoyi. Wuraren da ya zauna sukan riƙe ilektron su hana su isa waya, lantarkin haske ya ragu. Yawan raguwar shi ne ma'auninka.

1. Tara kayan aiki

Kuɗin wannan aiki kusan duk a wuri ɗaya yake: fotenshiyostat, na'urar da ke riƙe ƙarfin lantarki daidai tana auna kwarararsa. Idan ɗakin gwajinku na da ita, ka tsallake babbar matsala. Idan babu, akwai ƙanana da aka wallafa tsarinsu a fili kamar DStat da Rodeostat, waɗanda farashinsu bai kai ko kusa da na manyan kamfanoni ba. Kafin ka saya, duba abu ɗaya: tana iya karanta ƙasa da maikro'amfa ɗaya ba tare da layin karatun da take zanawa ya yi ta rawa ba?

Abu na biyu shi ne haske. Takardun bincike da yawa suna amfani da fitilar zenon mai wat 300, kuma wannan ya sa mutane ke zaton dole ce. Ba dole ba ce. Fitilar LED mai shuɗin haske, tsawon zangonsa nanomita 450 ko kusa da haka, ta wadatar, kuma a ganina ta fi dacewa da wannan aiki: ba ta dafa ruwan gwaji da zafi, ba ta da tsada, kuma CdS kaɗai take tayarwa, tunda TiO2 ba ya amsawa sai ga hasken da ke ƙasa da nanomita 390. Amma ka haɗa ta da na'urar ba da wuta mai riƙe kwarara daidai. Batir da ke raunana yayin aiki zai rage hasken a hankali, kai kuma ka ɗauka jan ƙarfe ka gano.

Sauran kayan: gilashin FTO (shi ne gilashin mai ɗaukar lantarki), ilektrod na Ag/AgCl (sandar da ake gwada ƙarfin lantarki a kanta), waya ko faifan filatinam, kofin gilashi mai bango shimfiɗaɗɗe, multimita, bahon wanki mai girgiza da sauti, tanderun da ke kaiwa digiri 500, sikeli mai auna miligiram, maikrofifet, mitar pH mai auna tsamin ruwa, salatif, ƙaramin turmin gwaji da akwatin da haske ba ya shiga. Sinadarai kuwa: garin TiO2 nau'in P25, kadmiyam naitret, sodiyam sulfaid, sodiyam sulfait, sodiyam sulfet, kofa sulfet (gishirin jan ƙarfe), asid na asetik da sodiyam asitet, asid na naitrik, asiton, etanol, da ruwan da aka cire wa gishiri tas. Ka lura da sunayen nan uku masu kama da juna. Na2S ne sulfaid, Na2SO3 ne sulfait, Na2SO4 ne sulfet, kuma kowanne aikinsa daban. Karanta alamar sinadarin a jikin kwalba, kada ka dogara da kunne.

Gargaɗi: sayi FTO, kada ka sayi ITO, wani nau'in gilashin mai ɗaukar lantarki, don wannan aiki. ITO yakan rasa ingancinsa idan aka gasa shi a zafin da mataki na 3 ke buƙata. Kuma ka sayi gilashi da yawa, domin za ka ci aƙalla guda 40 kafin ka gama.

2. Yanka gilashi ka wanke shi

Yanka shi santimita 1 a faɗi, 3 a tsawo, ko ka sayi yankakke. Gefe ɗaya kawai ke ɗaukar lantarki, kuma ido ba ya rarrabewa da tabbaci. Ɗora bakin multimita biyu a kan gefe guda: idan ta nuna om goma-sha-wani-abu zuwa 'yan gommai, shi ne. Yi ɗan zane a kusurwar bayan gilashin da abin yanka gilashi, domin alamar biro za ta wanke.

Wanki kuwa a jere yake: ruwan sabulu, asiton, etanol, sannan tataccen ruwa, kowanne minti 15 a bahon girgiza. Busar da iskar naitrojin ko a tanda mai ɗumi. Gwajin tsafta mai sauƙi ne: ɗiga ruwa a kai. Idan ya bazu ya shimfiɗe, ya wanku. Idan ya dunƙule ya tsaya, akwai maiƙo, ka sake.

Gargaɗi: daga nan har ƙarshe, yatsa ba ya taɓa fuskar gilashin, ko da safar hannu. Da hantsaki ake ɗauka, ta gefe.

3. Shafa TiO2 ka gasa

Auna giram 1 na P25 a turmi. Riƙa zuba ruwan asid na asetik mai rauni kaɗan-kaɗan kana niƙawa, kada ka ƙara sai wanda ka zuba ya shige, har jimilla ta kai kimanin mililita ɗaya da rabi. Abin da kake nema shi ne kwaɓi mai santsi kamar farin fenti, marar gudaji. Niƙa na minti 20 zuwa 30 ba ɓata lokaci ba ne. Gudajin da ka bari yanzu shi ne tsagewar da za ka gani bayan gashi.

Kwantar da gilashin, gefen lantarki a sama. Manna salatif ya zagaye murabba'i mai santimita 1 a kan 1 a ƙarshen gilashin. Salatif ɗin yana aiki biyu, yana iyakance fili kuma kaurinsa ne ke ƙayyade kaurin shafin. Ɗiga kwaɓi a gefe ɗaya, ka ja shi da sandar gilashi sau ɗaya tak, da hannu mai nutsuwa. Bar shi ya sha iska 'yan mintuna, ka ɓare salatif a hankali.

Sa shi a tanderu mai sanyi, ka ɗaga zafi digiri 5 a kowane minti har 450, ka riƙe minti 30. Za ka iya ganin shafin ya yi ruwan ƙasa sannan ya koma fari, alamar abubuwan da ke cikin kwaɓin sun ƙone. Kashe tanderu ka bar gilashin ya huce a ciki.

Gargaɗi: kada ka buɗe tanderu da zafi don gaggawa, gilashi zai tsage ko shafin ya ɓamɓare. Kuma ka gasa duk gilasan da za ka yi aiki da su a zubi ɗaya, daga kwaɓi ɗaya. Gilasan ranar Litinin da na ranar Alhamis ba lalle su ba da lantarki iri ɗaya ba, ko da hannu ɗaya ya yi su.

4. Ɗora CdS

Kafin komai, a san da abin da ake wasa. Kadmiyam guba ne mai taruwa a ƙoda, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukuni na farko na masu jawo cutar. Sodiyam sulfaid kuwa idan ya haɗu da asid yakan saki iskar H2S mai kisa, wadda warinta na ruɓaɓɓen ƙwai ke ɓacewa daga hanci idan ta yi yawa. Wannan mataki a akwatin zuƙar hayaƙi ake yinsa, da safar hannu da tabarau, kuma babu kwalbar asid ko ɗaya a kusa.

Shirya kofuna huɗu. Na farko: giram 1.54 na kadmiyam naitret mai ƙwayar ruwa huɗu (wanda alamarsa ta ƙare da 4H2O) a mililita 50 na etanol, wato mola 0.1 a lita. Na biyu: etanol zalla don ɗauraya. Na uku: giram 1.20 na sodiyam sulfaid mai ƙwayar ruwa tara a mililita 50 na ruwa, shi ma mola 0.1. Na huɗu: tataccen ruwa.

Tsoma gilashin a na farko minti ɗaya, ɗauraye a na biyu, bar shi ya bushe. Tsoma a na uku minti ɗaya, ɗauraye a na huɗu, ya bushe. Wannan zagaye ɗaya ke nan. Da zagaye na biyu ko na uku za ka ga farin ya fara komawa rawaya.

Zagaye nawa? A nan ne mutane ke kuskure, domin suna neman lantarki mafi yawa. Lantarkin haske yakan ƙaru da kowane zagaye har wani wuri, sannan ya tsaya ko ya faɗi. Amma kai ba lantarki mai yawa kake nema ba, kana neman shafin da ɗan jan ƙarfe kaɗan zai iya canzawa. Shafi mai kauri yana da CdS da yawa a ciki wanda jan ƙarfe ba zai kai gare shi ba, sai raguwar ta zama 'yar kaɗan. Yi gilasai masu zagaye 3, 5 da 7, ka gwada kowanne da ruwa mai maikromola 5 na jan ƙarfe bayan ka kai mataki na 7, ka zaɓi wanda ya fi nuna raguwa kuma bai yi rawa ba. Daga nan ka tsaya a kan wannan adadi.

Gargaɗi: ɗauraya tsakanin tsomi ba ado ba ce. Idan ka ga ruwan kofi na uku ya fara yin rawaya, kadmiyam ne ke bin gilashin yana shiga, kuma CdS ɗin da ke samuwa a cikin ruwa ba ya manne da kyau. Canza ruwan. Bayan ka gama, busar da gilasan a digiri 60, ka adana su a duhu cikin akwati mai busasshiyar iska.

5. Haɗa na'ura ka daidaita haske

Ruwan awo: giram 1.42 na sodiyam sulfet da giram 1.26 na sodiyam sulfait a mililita 100 na ruwa, kowanne mola 0.1. Sulfet ɗin yana taimaka wa ruwan ɗaukar lantarki. Sulfait kuwa shi ke kare CdS. Duk ilektron da haske ya tayar yakan bar gurbi a baya, kuma idan ba a cike gurbin daga cikin ruwa ba, sai ya ci CdS ɗin kansa, lantarki ya yi ta sauka ko babu jan ƙarfe ko kaɗan. Sulfait yakan ba da nasa ilektron ya cike gurbin. Iskar oksijin tana lalata shi a hankali, don haka a haɗa sabo kowace rana.

Wasu suna amfani da asid na askobik a madadinsa, kuma yana aiki, amma yana saukar da pH sosai, CdS kuwa ba ya jure ruwa mai tsami. Idan shi za ka yi amfani da shi, sai a cikin ruwan fosfet, kuma ka mai da pH kusa da 7 bayan ka zuba shi.

Maƙala gilashin a matsayin ilektrod mai aiki, bakin maƙalin a kan FTO tsirara, sama da ruwa. Idan maƙalin ya taɓa ruwa, ƙarfensa zai ba da nasa lantarkin ya ɓata komai. Filatinam ya tsaya gefe inda ba zai tare haske ba, Ag/AgCl kuma kusa da gilashin. Saita fotenshiyostat ta riƙe bolt 0 a kan Ag/AgCl tana rubuta kwarara a kan lokaci.

Haske shi ne rabin wannan na'ura, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Kafe fitilar da kofin a kan allo ɗaya, da sukurori ko gam, ta yadda nisan ba zai canza ko da milimita biyu ba. Yi wa gilashin ma wurin zama tabbatacce. Zaɓi gefen da haske zai shiga, ta fuskar shafin ko ta bayan gilashin, ka dawwama a kai. Kunna fitilar minti 15 kafin aiki ta daidaita, sannan ka riƙa tare hasken da murfi maimakon kashe ta da kunna ta. Duk wannan a cikin akwatin duhu, domin hasken ɗaki ma yana tayar da CdS.

Gargaɗi: oksijin da ke narke a ruwa yana ƙwace ilektron. Ko dai ka busa naitrojin a cikin ruwan don korar ta, minti 15 kafin kowane awo, ko kada ka busa ko sau ɗaya. Haɗa biyun shi ne matsalar. Kuma kada ka kalli shuɗin LED mai ƙarfi kai tsaye.

6. Karatun farko da tantance gilasai

Bar gilashin a duhu har layin ya kwanta, yawanci minti ɗaya zuwa biyu. Sannan haske daƙiƙa 20, duhu daƙiƙa 20, sau biyar. Ya kamata ka ga layin ya tashi tsaye, ya yi shimfiɗa, ya faɗo tsaye. Sau da yawa akwai ɗan tsini a farkon kowane haske. Kada ka karanta tsinin, karanta ƙarshen shimfiɗar, ka cire abin da ake samu a duhu. Matsakaicin zagaye uku na ƙarshe shi ne karatun farko na wannan gilashi. Ba shi lamba, ka rubuta.

Idan kowane zagaye yana ƙasa da na gabansa a fili, duba sulfait ɗinka ko ka rage ƙarfin haske. Idan babu lantarki sam, duba ko a bayan gilashi ka yi shafi. Idan layin na rawa, yawanci maƙali ne bai kama ba ko kumfar iska ta tsaya a bakin Ag/AgCl.

Yi wa duk gilasan haka, ka ware duk wanda ya kauce wa matsakaicin sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Zai yi maka ciwo ka ajiye gilashin da ka sha wahala a kansa, amma gilashi ɗaya marar kyau ya isa ya karkatar da layin ma'auni gaba ɗaya.

7. Gina layin ma'auni

Da farko, duk kwalba da kofin da ruwan jan ƙarfe zai shiga a jiƙa su kwana ɗaya a asid na naitrik kashi 10 cikin ɗari, a ɗauraye sosai. Bangon kwalba yana riƙe ƙarfe daga aikin baya, yana kuma shanye na sabon ruwa.

Auna giram 0.2497 na kofa sulfet mai ƙwayar ruwa biyar, ka narkar a mililita 100. Wannan milimola 10 ne a lita, shi ne uwar ruwa. Daga shi ka sirka zuwa maikromola 0.1, 0.5, 1, 5, 10, 30 da 50, a cikin ruwan asitet mai rauni, wato haɗin asid na asetik da sodiyam asitet, da pH ɗinsa ke tsakanin 5.5 da 6. A sirka mataki-mataki, kada a yi tsalle daga milimola 10 zuwa maikromola 0.1 da ɗigo ɗaya. Ka kuma tanadi ruwan asitet zalla marar jan ƙarfe, shi ne ruwan shaida.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan jagora shi ne wannan: kada ka zuba jan ƙarfe a cikin ruwan awo. Kofin jiƙo daban, kofin awo daban. Ruwan sulfait yana da pH mai yawa, jan ƙarfe zai kwanta a ƙasa kafin ya kai ga gilashin, kuma sulfait da askobik duka suna iya canza yanayinsa. Fosfet ma yakan kwantar da shi. Wanda ya zuba kai tsaye yakan sami layi mai kyau a ido, amma bai san nawa ne daga abin da ya zuba ya kai ga CdS ba.

Don haka: ɗauki gilashin da ka riga ka rubuta karatunsa na farko, ɗauraye shi, tsoma shi a mililita 10 na ruwan ma'auni, minti 10, a duhu, ana juyawa a hankali. Ɗauraye, mayar da shi kofin awo, ka maimaita karatun mataki na 6. Yawan ruwan, tsawon lokacin da saurin juyawa duk su zama iri ɗaya kowane karo, domin jan ƙarfen yana ci gaba da taruwa a kan gilashin muddin yana cikin ruwan.

Lissafin: cire karatu na biyu daga na farko, ka raba da na farko. A matsayin misali, gilashin da ya ba da maikro'amfa 80 da farko, ya koma 52, raguwarsa 28 a kan 80, wato 0.35. Ta haka kowane gilashi ana gwada shi da kansa ne, bambancin da ke tsakanin gilasai ya ragu.

Gargaɗi: gilashi ɗaya, awo ɗaya. Jan ƙarfen da ya zauna ba ya fita da ɗauraya. Kada ka ɗauki gilashi guda ka bi da shi daga ƙaramin adadi zuwa babba, abin da za ka auna tarin duka ne. Kowane adadi gilashi uku, ruwan shaida kuma aƙalla uku, gara ma fiye. Ka ga inda guda 40 ɗin suka tafi.

Zana raguwa a kan adadin jan ƙarfe. Sau da yawa layin ba ya miƙewa sai an yi amfani da logaridim na adadin, kuma a sama yakan kwanta idan saman CdS ya cika. Yi aiki da ɓangaren da ya miƙe kawai. Game da mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya ganowa: ruwan shaida ma zai nuna 'yar raguwa. Ɗauki matsakaicinta, ka ƙara ninki uku na bambancin da ke tsakanin karatun shaidun, ka duba wane adadi ne ya yi daidai da wannan a kan layinka. Dabarar da masu bincike suka saba da ita, ta raba wannan ninki ukun da gangaren layi, ba ta aiki kai tsaye a kan layin logaridim, kuma ita ce ke haifar da lambobi masu ban mamaki da ba wanda ya taɓa auna su da gaske. Kada ka yi da'awar adadin da ke ƙasa da mafi ƙanƙantar ruwan ma'aunin da ka gwada da hannunka.

8. Gwada masu kutse

CdS bai san sunan jan ƙarfe ba. Duk ƙarfen da sulfaid ɗinsa ya fi na kadmiyam ƙin narkewa zai iya yin abin da jan ƙarfe ya yi, kuma zaiba da azurfa sun fi shi ma ƙarfi a wannan. Dalma tana kusa da kadmiyam, don haka tasirinta yakan yi ƙasa, amma sai an gwada.

Shirya ruwa mai maikromola 5 na jan ƙarfe, ka haɗa shi da kowane ɗaya daga cikin waɗannan: sodiyam, fotasiyam, kalsiyam da magniziyam ninki 100, sai zinki, nikel, baƙin ƙarfe da dalma ninki 10, zaiba da azurfa kuma daidai da shi. Ka gwada kowannensu shi kaɗai ma, ba tare da jan ƙarfe ba. Ɗan gishirin kuloraid yana kwantar da azurfa a tace ta. Zaiba ba ta da sauƙin kaucewa haka. Idan ruwan da za ka gwada yana iya ɗauke da ita, gaskiyar magana ita ce na'urarka tana ba da jimillar su biyun ne, kuma haka ya kamata ka rubuta a rahoto.

9. Auna ruwan gaske

Ɗebo a kwalbar roba da aka jiƙa a asid, ka ɗauraye ta da ruwan wurin sau uku kafin ka cika. Tace da matata mai ramin maikromita 0.45. Raba shi biyu nan take. Kashi ɗaya a zuba masa asid na naitrik har pH ya sauka ƙasa da 2, a aika ɗakin gwajin da ke da na'urar AAS ko ICP-MS, manyan na'urorin auna ƙarafa, don ka gwada sakamakonka da nasu. Kashi na biyu shi ne naka: daidaita shi da ruwan asitet zuwa pH ɗin da ka gina layinka a kai, ka auna a ranar.

Gargaɗi: kada ka tsoma gilashin a kashin da aka zuba wa asid. CdS zai narke, lantarki ya faɗi warwas, ka ɗauka ruwan cike yake da jan ƙarfe.

Ruwan kogi ko na rijiya ba kamar ruwan ɗakin gwaji ba ne. Ruɓaɓɓun ganyaye da ƙasa suna sakin sinadaran da ke kama jan ƙarfe su riƙe, ga gishiri iri-iri. Don ka san ko layinka na aiki a wannan ruwa, ƙara masa sanannen adadi, misali maikromola 2 da 5, ka ga ko na'urar ta dawo maka da abin da ka ƙara. Tsakanin kashi 90 da 110 cikin ɗari abin karɓa ne. Idan ya yi ƙasa sosai, ruwan yana ɓoye jan ƙarfen, sai ka gina layin ma'auni a cikin irin wannan ruwan kansa. Idan karatun ya faɗa inda layin ya kwanta, sirka samfurin ka sake da sabon gilashi.

Kada ka firgita idan sakamakonka ya yi ƙasa da na AAS. Ita tana auna dukkan jan ƙarfen da ke cikin ruwan da aka zuba wa asid, taka kuwa ta fi ganin wanda ke sake. Amma idan naka ya fi nata yawa, akwai mai kutse ko gilashin yana lalacewa, ka koma mataki na 6 da na 8. Ina roƙon duk mai wannan aiki: kada ka ce wa mutane ruwansu lafiya lau ne bisa na'urar nan kaɗai. Aikinta nuna inda ya kamata a zurfafa bincike ne, kuma ruwan da ba shi da jan ƙarfe yana iya ɗauke da dalma.

10. Idan dalma ko zaiba kake nema

Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga dalma maikrogiram 10 ce a lita, kimanin nanomola 48. Ta zaiba maikrogiram 6, kimanin nanomola 30. Wato sai na'urarka ta ga abin da ya gaza iyakar jan ƙarfe sau ɗaruruwa, kuma ta bambance shi da sauran ƙarafa. Matakai na 1 zuwa 6 suna nan yadda suke. Abin da ke ƙaruwa shi ne mai tantancewa da ake ɗaurawa a saman shafin. Ga zaiba ana amfani da gajeren zaren DNA mai yawan taimin, ɗaya daga tubala huɗun da ke gina DNA, domin zaiba takan shiga tsakanin taimin biyu ta ɗaure su. Ga dalma akwai zaren DNA da ke yanke abokinsa idan dalma ta zo, irin wanda ake kira 8-17. Kuɗi zai ƙaru, zaren yana buƙatar sanyi, kuma a wannan ƙanƙantar adadi ƙurar ɗaki da ruwan ɗauraya marar kyau sun isa su ɓata sakamako.

Wanda ɗakin gwajinsa ba shi da hanyar sarrafa kadmiyam kuwa, ya duba g-C3N4, wanda ake samu ta gasa melamin a digiri 550 na 'yan sa'o'i. Yana amsa shuɗin haske, ba shi da kadmiyam, sai dai lantarkinsa yakan yi ƙasa, kuma dole a sake gina layin ma'auni da gwajin masu kutse daga tushe, domin yadda yake kama jan ƙarfe daban ne.

11. Kwashe shara

Duk ruwan da gilashin CdS ya taɓa yana ɗauke da kadmiyam, har da samfurin ruwan da ka gwada, tunda jan ƙarfen da ya shiga ya kori kadmiyam ne zuwa cikinsa. Iyakar kadmiyam a ruwan sha maikrogiram 3 ce kacal a lita, don haka ko ɗigo kada ya bi magudana. Tanadi jarka uku masu alama: ta ƙarafa masu guba, ta sulfaid, ta asid. Ta sulfaid da ta asid kada su zauna a kanta ɗaya. Gilasan da aka gama da su, safar hannu, bakin fifet da takardun gogewa su shiga akwati mai murfi daban, a rubuta kadmiyam da kwanan wata a jikinsa, a miƙa wa masu kula da sharar sinadarai na ɗakin gwajin.